Liyafar Marubuta da Kantar Laburare: Darasi Daga Tarihin Zariya

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo makarantun sakandare, har da namu na mishan. Masu kula da laburare sukan shirya taron ƙara wa juna sani, a yi kwana ɗaya ko biyu ana gabatar da takardu, sa'an nan a rufe da liyafar cin abincin dare. A wurin liyafar ne ake kiran ɗaliban da suka fi yawan aron littafi da waɗanda suka ci gasar rubutu, a ba su kyauta. Daga nan sai wani matashin marubuci da aka gayyato ya tashi ya yi jawabi, a tafa masa, a ɗauki hoto, fasto ya rufe da addu'a, kowa ya kama gabansa.

Al'ada ce mai kyau, muna kuwa goyon bayanta. Amma a wannan darasi muna so mu yi nazarin tambaya guda ɗaya: wace irin kyauta ce takan haifar da marubuci, wace iri ce kuma takan ƙare a jikin bango tana shan ƙura? Ba sai mun je Ingila ko Amurka neman amsa ba. Mu da muke Tudun Jukun, amsar tana bayan gidanmu, domin daga nan zuwa tsohon ginin Gaskiya da ke wajen Tukur-Tukur tafiyar ƙafa ce. A wannan yanki na Zariya aka yi renon rubutun zube na Hausa tun yana jariri, kuma da gasa aka fara.

Gasar 1933

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna rubutu. Malamai sun rubuta waƙoƙin wa'azi da na ilmi da ajami, kuma sunan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ya isa shaida. Abin da babu shi ne dogon labari ƙagagge da aka rubuta da boko domin a karanta a ji daɗi. Makarantun gwamnati sun fara yaye yara masu iya karatun boko, amma in yaro ya gama littafin koyon karatu, sai ya rasa abin da zai ɗora a kai.

Wanda aka ɗora wa nauyin magance wannan matsala shi ne Rupert East, shugaban Hukumar Fassara, wadda aka dawo da ita Zariya a farkon shekarun 1930, daga baya ta zama Hukumar Talifi. A 1933 aka sa gasar rubuta labari da Hausa. East bai zauna a ofis yana jiran takardu su zo ba. Ya zaga garuruwan Arewa yana zama da malamai yana lallashinsu, ya kuwa sha wuya, saboda a ganin malaman wancan lokaci alƙalami na addini ne da shari'a, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara in an ci tuwon dare. Babban mutum ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba, wannan a wurinsu zubar da girma ne.

Duk da haka an samu waɗanda suka amsa kira. Daga 1934 littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Muna roƙon ɗalibai su lura da shekarun waɗannan mutane. An haifi Imam a 1911, ke nan yana da shekara 22 lokacin gasar, yana koyarwa a Midil ta Katsina. An haifi Tafawa Ɓalewa a 1912, shekararsa 21. Bello Kagara ne dattijon cikinsu, shi kuma yayan Imam ne. Wato biyu daga cikin littattafan da a yau muke ɗauka kamar kayan kakanni, samari ne suka rubuta su, waɗanda ba su fi 'yan ajinmu na ƙarshe da shekara huɗu ko biyar ba. Saurayin da ya rubuta labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi cikin bauta, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Littafin nasa kuma Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

To, mene ne ainihin ladan da suka samu? An karanta rubutunsu a tsanake, an gyara, an mayar musu suka sake gyarawa, an buga, an rarraba makarantu. Yaro a Sakkwato ko Bauci ya buɗe littafi ya ga sunan marubucin a bango. Yau shekara casa'in ke nan ana karanta Alhaji Imam da Malam Zurƙe, alhali ba wanda yake tambayar abin da aka ci ko aka sha a ranar da aka sanar da sakamako.

Tarin littattafan da aka ajiye wa Imam

Abin da ya biyo baya ya fi shafar masu kula da laburare. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kawo shi Zariya na wajen wata shida domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. East bai ba shi takarda da alƙalami kawai ya ce masa bismilla ba. Ya tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam-dabam, na Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya, da na Turai irin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus masu suna Grimm, da wasu daga gabas. Imam ya karanta, ya zaɓa, ya tuɓe wa labarun tufafinsu na asali ya sa musu riga da rawani, ya haɗa da nasa na gida, ya ɗora su duka a bakin aku a fadar sarki. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939.

Waɗansu sukan ji wannan su ce ashe aro Imam ya yi. Mu a ganinmu wannan rashin fahimtar sana'ar ne. Masaƙi ba shi ya shuka audugar ba, amma zanen nasa ne. Wanda duk ya karanta labarin Grimm sa'an nan ya karanta yadda Imam ya sarrafa shi, zai ga aikin da ke tsakani: karin magana, ba'a, halin fadawa, dabarar talaka gaban mai mulki. Waɗannan ba daga Jamus suka zo ba. Abin da muke so a riƙe shi ne tsarin yadda abin ya gudana. Tarin littattafai ne ya fara zuwa, sa'an nan karatu, sa'an nan rubutu, sa'an nan edita mai tsanani, daga ƙarshe injin buga littafi. In aka cire na farkon, sauran ba su da wurin tsayawa. Wannan tarin da aka ajiye wa Imam a Zariya, ƙaramin laburare ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ɗimbin ƙananan littattafai domin Yaƙi da Jahilci, sa'an nan a 1966 aka kafa kamfanin NNPC na buga littattafai (ba na man fetur ba, kada 'yan aji ɗaya su rikice). Duk a Zariya.

Rabon Wusasa

Akwai wani tunani da mukan ji a bakin waɗansu ɗalibanmu, har da waɗansu iyaye, wai rubutun Hausa ba namu ba ne, mu 'yan makarantar mishan Turanci ne namu. Yaro yakan yi addu'a da Hausa, ya yi waƙa da Hausa ranar Lahadi, ya yi ciniki da Hausa a kasuwar Tudun Wada, amma in aka ce ya rubuta shafi ɗaya sai ya ce shi bai iya ba, har da ɗan alfahari a muryarsa.

Tarihi bai goyi bayan wannan tunani ba. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun farkon ƙarni na 20, kafin mishan ta koma Wusasa wajen 1929. Shi ne jigon aikin fassarar da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara ɗaya tak kafin gasar da muka ambata. A 1934 kuma babban ƙamus na G. P. Bargery ya fito, shi ma da aikin CMS ya fara shigowa ƙasar Hausa. A cikin marubutan nan na farko kuwa akwai John Tafida, mutumin Wusasa. Jiki Magayi ya bambanta da 'yan'uwansa, domin bai tafi ƙasar aljannu ko fagen yaƙi ba. Labari ne na attajirin da ya yi amfani da dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, da yadda ramuwar gayyar saurayin ta faɗa kan ɗan da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Malamin makarantar Lahadi da ke neman misali a kan ɗaukar fansa zai samu abin koyarwa a ciki har ya yi saura.

Saboda haka ɗalibin da ya ɗauki alƙalami ya rubuta labari da Hausa a wannan makaranta bai shiga gonar kowa ba. Harshen na duk mai jinsa ne, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Ngas da Bayarabe haifaffen Sabon Gari. Wannan ba raina Turanci ba ne. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, da Turanci ya rubuta littafin da ya ci babbar kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2016, ta dala 100,000, kuma rayuwar Hausawa ce a cikinsa. Mai hannu biyu ba ya ɗaure ɗaya.

Abin da ya faru da gasa ta yi ƙaranci

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC ya sa tasa gasar, littattafai uku suka fito a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda ake lissafawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. 'Yan matanmu su riƙe wannan suna. A 1982 gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da waɗansu.

Bayan haka tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan jarrabawa kusan kaɗai. Matasa ba su jira kowa ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, suna cikin waɗanda suka yi fice. Masu shaguna suka riƙa ba da littattafan haya, yarinya ta biya 'yan kuɗi kaɗan ta karanta ta mayar. Malamai da iyaye da yawa sun yi Allah wadai da waɗannan littattafai, waɗansu kuwa sun cancanci suka, musamman wajen ƙa'idar rubutu, tun da babu edita. Amma mu masu laburare ya kamata mu ji kunya kaɗan. Mai shagon haya ya gane abin da muka kasa ganewa: yara suna son karatu, in dai ƙofa a buɗe take kuma akwai abin da ya shafe su a ciki. A zamanin nan shagon hayar ya koma cikin wayar hannu. Gasa mai edita da alƙalai kuma ba ta mutu ba, domin tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, inda labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu ya zo na ɗaya a shekarar farko.

Laburaren makaranta

Garinmu ba baƙon laburare ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, da Laburaren Shugaba Kennedy a Kongo, nan kusa da mu. Tun 1968 take da sashen koyar da aikin laburare. Ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu ta Nijeriya kuwa a Ibadan aka kafa ta a 1977. Masana ba su yi mana ƙaranci ba. Duk da haka kowa ya san yadda laburaren sakandare yakan kasance a wurare da yawa: ɗaki ɗaya a ƙarshen gini, kabad a kulle, mabuɗi yana aljihun malamin da ke da darasi talatin a mako, littattafan kyauta daga ƙasashen waje a kan noman alkama cikin ƙanƙara, gara kuma tana nata karatun daga ƙasa.

Dalilin kulle kabad ba mugunta ba ce. Tsoro ne kada littafi ya ɓace ko ya yage, a tuhumi mai kula. Wani masanin laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya tsara dokoki biyar na wannan aiki a 1931, ta farkonsu kuwa a kan wannan matsala take: an yi littafi domin a yi amfani da shi, adanawa tana biye ne. Littafin da ya yage a hannun yara arba'in ya ci kuɗinsa. Wanda ya shekara goma sabo fil a kabad, shi ne asarar. Muna ba hukumar makaranta shawara ta daina auna mai kula da laburare da yawan littattafan da suka rage a kanta, ta auna shi da yawan sunayen da ke cikin rajistar aro.

Ga 'yan'uwa na ikilisiya da sukan ce ai Littafi Mai Tsarki ya wadatar, muna tunasar da su abu biyu daga cikinsa. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 4, Manzo Bulus yana kurkuku, yana ganin ƙarshensa ya kusa, amma cikin abubuwan da ya roƙa a kawo masa har da littattafansa da fatun rubutu. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuma, ma'ajin sarauniyar Habasha yana da littafin Ishaya a hannu yana karantawa, amma sai da Filibus ya hau karusar ya zauna kusa da shi kafin ya fahimta. Na farko yana nuna mana darajar littafi. Na biyu yana nuna cewa littafi yana bukatar mutum a gefensa, wannan kuwa shi ne aikin mai kula da laburare, ba gadin kabad ba.

Ba mu ce a soke liyafa ba. Yaron da bai taɓa jin an kira sunansa a gaban jama'a ba sai don horo, ranar da aka kira shi don ya karanta littafi ashirin, ba zai manta ba. Amma kwamitin shirya biki ya zauna ya kwatanta kuɗin shinkafa da kaji da lemo da hayar kujeru da kuɗin da aka kashe wajen sayen sababbin littattafai a shekarar. In na farkon ya fi na biyun, to, an yi wa doki ado an bar shi da yunwa. Kyautar ma ta zama littafi maimakon faranti ko agogon bango. Tsofaffin ɗalibai da zumuntar mata da ta maza, waɗanda ba su taɓa ƙin taimakon makaranta ba, ana iya roƙonsu kowa ya zo liyafar da littafi ɗaya a hannu a matsayin katin shiga.

In baƙon ya tashi yin jawabi

Saura matashin marubucin da aka gayyato. Sau da yawa mukan ɓata damar. Mukan ajiye jawabinsa a ƙarshe, bayan manyan baƙi sun cinye lokaci, yara sun ƙoshi suna gyangyaɗi. Shi ma ganin manya a babban tebur sai ya shiga yi wa ɗalibai wa'azin su dage da karatu, abin da suke ji kullum a taron safe. Ya kamata a sa shi tun kafin abinci, a kuma tabbata akwai kwafen littafinsa a laburare tun wata guda kafin ranar, domin masu tambaya su yi tambayar wanda ya karanta.

Ku kuma ɗalibai, ku bar tambayarsa ko rubutu yana kawo kuɗi, ko a ina yake samun basira. Ku tambaye shi littafin da ya fara karantawa har ƙarshe, da inda ya same shi, ko saya ya yi ko aro. Ku tambaye shi sau nawa ya sake rubuta babin farko, wa ya fara nuna wa, me mutumin ya ce a cire, ya kuma ji da aka ce ya cire. In ya zo da rubutun hannunsa na farko mai cike da kashe-kashe, ku roƙa a zaga da shi tebur-tebur. Yawancinku kun ɗauka marubuci yakan zauna ne magana ta zubo masa a gyare. Ganin shafi ɗaya da aka soke rabinsa da jan biro zai fi muku jawabin awa guda amfani.

Game da labarun da suka ci gasar makaranta, shawararmu ita ce a bi sawun 1933 gwargwadon ƙarfinmu. Malamin Hausa da na Turanci su zauna da kowane mai nasara su bi rubutunsa layi-layi, ya koma ya gyara, ko da sau uku ne. A buga su da kwamfuta, a kai wa masu ɗinkin littafi a Tudun Wada su yi musu bango mai ƙarfi, kwafe uku ko huɗu. Mai kula da laburare ya shigar da su rajista kamar kowane littafi, ya ba su lamba a rukunin 800, inda tsarin Dewey ya ajiye adabi, ya manna musu takardar aro a bangon baya. Wurinsu a kanta yana kusa da Ruwan Bagaja da Jiki Magayi, a layin da hannun ɗan aji ɗaya zai iya kaiwa.